Daga Babban Gida Zuwa Ɗaki Ɗaya



Tun kafin a sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba 2020, mutanenmu na ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suka fara barin gidajensu saboda 'yan bindiga. Waɗansu suna Funtuwa, waɗansu Malumfashi, waɗansu har Zariya. Mun sha yin addu'a a kan tsaro, kuma ya kamata. Amma yau a kan tukunya za mu yi magana.

A ƙauye muna da zaure, da rumbu, da murhu mai duwatsu uku wanda yake ɗaukar tukunyar tuwon gida duka. Baƙo ya iso, sai a ƙara gari. Yanzu iyali guda suna ɗakin haya ɗaya, hatsi a mudu ake awo, girki kuma a kan risho ko kurfoti ko 'yar tukunyar gas a bakin ƙofa. Iyayenmu mata sun sani, tuwo ba ya tuƙuwa a kan risho sai wani ya riƙe tukunyar, in ba haka ba muciya ta kifar da ita. Turmi ma babu wurin ajiye shi. 'Ya'yanmu da suke Ingila su ma suna kukan ƙanƙantar ɗaki da firji, amma su da ƙafarsu suka tafi.

Abin da ya dame mu shi ne kunya. Mun lura waɗansu iyalai sun daina karɓar addu'ar gida-gida. Da muka bincika, ba sanyin bangaskiya ba ne. Uwargida ce ba ta so a ga labulen da ya raba gadonta da tabarmar 'ya'yanta, ba ta kuma so baƙo ya tashi bai ci kome ba. Har akwai waɗanda muka yi wa faɗa a kan wannan, Allah ya gafarta mana.

Ku duba Littafin Sarakuna na Biyu, sura 4. Ɗan ƙaramin ɗaki ne matar Shunem ta shirya wa Elisha, kayan ciki guda huɗu kawai: gado, tebur, kujera da fitila. Annabi bai raina ba, yakan sauka a ciki in ya bi ta garin.

Saboda haka muna roƙo. In za mu ziyarci irin waɗannan gidaje, kada mu wuce mutum uku, mu ci abinci kafin mu fita, mu riƙe ko da mudun masara ne. Zumuntar Mata ta ba da aron manyan tukwanenta ranar suna ko biki, ba sai an roƙa ba. Dattawa kuma, maganar samari tana wuyanku. Dā a zaure suke kwana. Yanzu saurayi ɗan shekara 17 yana ɗaki ɗaya da ƙannensa mata. Duk mai shago ko zauren da ba a kwana a ciki, ya ga magatakarda bayan sujada a rubuta sunansa.