Rumfar Ƙofar Gida da Dokar Gini a Jos: Jawabin Sakataren Ƙungiya

 

Maganar da aka ɗora mana yau ƙarama ce a ido, amma tana iya jawo wa magidanci asarar kuɗi da ɓacin rai. Ita ce maganar rumfa, ko baranda, ko dakalin da muke ƙarawa a ƙofar gida. Kowa ya san amfaninsu. Nan mai gida ke shan hantsi idan sanyin Jos ya tsananta, nan ake karɓar barkar suna da gaisuwar mutuwa, nan yara ke karatun allo. A unguwanni irin su Gangare, Dilimi da Unguwar Rogo iyali sun yi yawa, zauruka da dama sun koma ɗakunan samari, shi ya sa mai gida yake turo zamansa waje. Ba mu ga laifin kowa a kan wannan ba. Amma wajibi ne mu san inda haƙƙinmu ya tsaya da inda na jama'a ya fara.

Bari mu fara da haƙƙinmu. Sashe na 43 na Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa kowane ɗan Nijeriya ikon mallakar gida a ko'ina cikin ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabila, addini ko asalin garinsu. Sashe na 44 kuma ya hana a ƙwace kadarar mutum sai bisa doka tare da biyan diyya. Saboda haka neman izinin gini bai rataya a kan takardar shaidar asali ba, kuma sharaɗin da aka gindaya wa maƙwabcinka shi ne naka.

To, amma jama'a, mallakar gida daban, izinin gini daban. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya filayen birni a hannun gwamna, ya riƙe su amana ga jama'a. A 2003 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa tsara birane aikin jihohi ne. A nan Jos, Hukumar Raya Birnin Jos, wato JMDB, wadda aka kafa tun shekarun 1970, ita ke duba zanen gini ta ba da izini. A 2024 kuma Gwamna Caleb Mutfwang ya sa hannu a kan Umarni mai lamba 003, wanda ya tsaurara hana gini ba da izini ba. A idon hukuma, ginshiƙin bulo da rufin kwano a ƙofar gida gini ne, ko da mu muna kiransa 'yar rumfa.

Inda aka fi samun matsala shi ne iyaka. Filinka ya ƙare a inda safiyo ya kafa duwatsunsa. Daga nan zuwa kwata da titi hanya ce ta kowa, kuma ko a cikin filinka akwai tazarar da ake so a bari tsakanin gini da hanya, gwargwadon girman titin. Wanda ya ɗora dakali a kan kwata, ko ya kai kwano ƙarƙashin wayar lantarki, ba shi da hujja a gaban kowace kotu, kuma kada ya sa ran diyya ranar rusau.

Wannan doka don lafiyarmu ce. Ba mu manta da ambaliyar watan Yulin 2012 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 30 a yankin Rikkos, Gangare da Unguwar Rogo. Ba rumfa ce ta kawo ruwan ba, amma duk kwatar da aka toshe, ruwanta ɗakin maƙwabci yake nufa. Kuma lungun da rumfuna suka matse, motar kashe gobara ba ta shiga, makara ma sai an karkata ta.

Ga shawararmu. Na farko, kafin ka sayi bulo ko ɗaya, ka fito da takardun gidanka ka duba iyaka. Na biyu, a yi maka zanen abin da za ka ƙara, ka kai ofis da ƙafarka, ka nemi a rubuta maka tazarar da ta shafi layinku. Na uku, kada ka ba kowa kuɗi a ƙofar gida. Mun ga ɗan uwanmu da wani ɗan kamasho ya karɓe wa kuɗi da sunan zai samo masa izini, har yau babu takarda, babu mutumin. Kowane biya ya zama da rasit. Na huɗu, ɗan haya ya nemi yardar mai gida a rubuce.

Idan kuwa an shafa wa rumfarka jan fenti, ko an manna maka takarda, kada ka yage ta, kada ka tara matasa. Mu da muka ga 2001 da 2008 mun san yadda ƙaramar gardama ke zama gobara a garin nan. Ka dakatar da magini, ka rubuta ranar, ka ɗauki hoto, ka kawo mana kwafi. Idan ginin ya shiga hanya, mu gyara da hannunmu, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan kuma an ware gidanka an tsallake irinsa a layi ɗaya, za mu rubuta koke, mu nemi lauya.

A ƙarshe, duk wanda karatun boko ya yi wa wuya, ya kawo takardunsa ajinmu na yaƙi da jahilci mu karanta tare, musamman iyayenmu mata da aka bar wa gidajen marayu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya zaunar da jiharmu ta Filato lafiya, amin.