Ƙa'idoji Huɗu na Tafiyar da Ofishin Kula da Ayyuka



An umarce ni in yi tsokaci kan yadda ake tafiyar da ofishin kula da ayyuka, tun da ƙungiyarmu tana shirin tara kuɗi domin gyaran azuzuwan makarantarmu. Kuɗin nan gumin jama'a ne, saboda haka sai mu san yadda za mu riƙe su.

Dattawanmu na Ƙetare za su iya tuna shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa, wanda aka soma a 1975 da taimakon Bankin Duniya, tare da na Gusau da Gombe. Shirin yana da ofishinsa da ma'aikatansa, shi ya sa hanyoyin karkara da cibiyoyin sayar da taki suka kai ga manoma. Ƙa'ida ta farko ke nan: a san wanda aka ɗora wa aiki, a ba shi iko, a kuma tambaye shi. Jakin gayya, yunwa ke kashe shi.

Ta biyu, kada a aza tubali sai an rubuta abin da za a yi, da kuɗinsa, da ranar gamawa. An kammala madatsar ruwa ta Zobe a 1983, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin rarraba ruwan shanta. Gina abu daban, amfana da shi daban.

Ta uku, mai ba da kwangila kada ya zama shi ne mai dubawa, kuma shi ne mai biya. A wani wurin da na taɓa aiki, na sa hannu a takardar biyan kuɗin rijiyar burtsatse ba tare da na je na gani ba. Da muka je daga baya, rami kawai muka tarar. Har yau abin yana ci mini rai.

Ta huɗu, a riƙa ba jama'a rahoto kowane wata, da rasit, ko da labarin ba mai daɗi ba ne. A kuma ware kuɗin gyara tun daga farko.

Ina roƙon wannan taro kada mu watse sai mun naɗa kwamiti, kuma a raba ma'aji da mai binciken kuɗi. Malamanmu, ku gafarce ni in na yi kuskure a gabanku.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin. Wassalamu alaikum.