Kunnen Da Ke Jin Tsagar Ƙarfe: Laccar Da Aka Gabatar Ga Ɗalibai



Duk wanda ya taɓa raka gyatumarsa sayen tukunya a kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi ya ga yadda takan ƙwanƙwasa ta, ta kasa kunne. In ta ji amo garau ta biya, in ta ji ya dusashe ta ajiye, domin akwai tsaga. To, wannan hikima ce injiniyoyi suka ɗaukaka.

Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya wuce girgiza 20,000 a daƙiƙa. Na'urar da muke magana a kanta kuwa tana aika girgiza miliyan 2 zuwa 5 cikin ƙarfe. A bakinta akwai wani ɗan faifai wanda ke rawa in lantarki ya taɓa shi. Sokolov na Rasha ya kawo shawarar a 1929, sannan Firestone na Amurka ya sami rajistar na'urarsa a 1942.

Ga yadda take aiki. Akan shafa mai a jikin ƙarfen, domin iska tana tare sautin, sa'an nan a ɗora bakin na'urar. Sauti yana gudun kimanin mita 5,900 a daƙiƙa cikin ƙarfe. Idan kaurin ƙarfen milimita 30 ne, amsa-kuwwa za ta komo bayan kashi 10 cikin miliyan na daƙiƙa. In ta komo a rabin wannan lokaci, lalle akwai abin da ya tare ta a zurfin milimita 15. Domin sanin tsawon tsagar, sai a riƙa jan na'urar har ƙarfin amsa-kuwwar ya ragu da rabi. Nan ne bakinta. Wurin walda kuwa akan harba sautin a karkace, bisa digiri 45, 60 ko 70.

Kada ku ɗauka wannan wasan ɗakin gwaji ne. A 1998, a Eschede ta Jamus, tsaga ɗaya a ƙafar jirgin ƙasa ta jawo mutuwar mutum 101. Mu ma nan muna da abin tsaro. Ga madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, wadda aka kammala a 1983, da ƙarafanta da ke kwana cikin ruwa. Ga tankokin mai a kan hanyoyinmu, ga bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda kowace mahaɗarsa walda ce.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka nake roƙon masu karatun kimiyya daga cikinku su nemi wannan ilmi da gaske, kada mu zauna muna jiran baƙo ya zo ya saurara mana ƙarfenmu. Kuma wanda ya sami aikin, ya ji tsoron Allah: kada ya sa hannu a takardar ƙarfen da bai auna ba, domin rayuka na rataye da wannan sa hannu.