Jinyar Mai Ciwon Ajali Bayan Likita Ya Tashi Aiki

Akwai ciwon da likita ya kan duba ya ce ba ya warkewa, kamar sankara idan ta yi nisa. Duk da haka akwai sauran aiki, watau a rage wa majinyaci zafi, ya sami barci, ya yi ibada, ya gana da iyalinsa har wa'adinsa ya cika.

Wahalar ita ce ciwo ba ya duba agogo. A Ingila galibin ƙananan asibitocin garuruwa nas-nas ne ke riƙe da su, likitan gari ya kan zo da rana. A 2004 aka yi yarjejeniya wadda ta yarda likitocin gari su ajiye aikin dare, daga ƙarfe 6.30 na yamma zuwa 8 na safe, har da Asabar da Lahadi. In an lissafa, awa 115 da rabi ke nan cikin awa 168 na mako, fiye da kashi biyu cikin uku. Likitan da a kan kira cikin dare kuwa sau da yawa bai san majinyacin ba.

Dabarar da aka yi ita ce likitan rana ya rubuta magani tun ba a bukace shi ba: na zafin ciwo, da na amai, da na firgita, da na kakarin majina. Sa'an nan ya bar takarda mai bayyana ciwon, da abin da majinyaci ya zaɓa, ko a kai shi babban asibiti ko a bar shi kusa da danginsa.

A Yuganda, inda likitoci ba su da yawa, wata hanya aka bi. A 1993 Likita Anne Merriman ta kafa gidan irin wannan jinya a Kamfala, ana ba da mofin na ruwa, a sha bayan kowace awa 4. A 2004 Gwamnatin ƙasar ta ba nas-nas waɗanda suka sami horo na musamman izinin rubuta shi da kansu.

Saboda haka ya kamata kowane hakimi ya binciki asibitin da ke ƙasarsa a kan abu uku. Wa a ke kira bayan magariba? Maɓallin akwatin magani yana hannun wa? Da me za a ɗauko likita ko a kai masa majinyaci? Malamin hakimi ya rubuta amsa ya ajiye, a sanar da dagatai da masu unguwa.

A kuma faɗakar da talakawa cewa mofin, in an ba da shi bisa gwargwado, ba ya gaggauta ajali, kuma neman sauƙi bai saɓa wa haƙuri ba. Kada a bar mutum yana nishi har asuba domin kunyar ta da nas.

Allah ya sauƙaƙa wa marasa lafiya, amin.