Jawabi ga 'Yan Kasuwarmu na Legas: A Nemi Shaida Kafin a Biya Bashi

Idan mai karɓar bashi ya same ka a rumfa, kada ka yi musu, kada kuma ka sa hannu. Ce masa: "Malam, wa ya aiko ka? Ina takarda? Nawa ne uwar kuɗi, nawa aka ɗora?" Ɗan damfara daga nan yake sulalewa.

To amma a kula. Mai gaskiya in ka matsa masa, yana iya garzayawa kotu. Sannan a dokar Jihar Legas, bashin ciniki in ya wuce shekara 6 ba a ƙararsa, amma da ka amsa shi a rubuce, lissafi ya koma farko.

In bashin naka ne, ka biya. A wurin Allah bashi ba ya tsufa. Wassalam.