MUDUN DA IYAYENMU SUKA BAR MANA: KOYARWAR ƘARYA A GABAN MAGANAR ALLAH

Jawabi a bikin cika shekara hamsin na ikilisiyarmu a Dabai

 

GABATARWA

Yau ranar murna ce, wataƙila kuma wani zai ce me ya kawo zancen koyarwar ƙarya a ranar biki? Dalilinmu shi ne, a Littafin Firistoci sura 25, inda aka kafa dokar shekara ta hamsin, an umarci kowa ya koma ga gādonsa, a nan kuma aka gargaɗi jama'a kada su cuci juna wajen saye da sayarwa. Mu ma ya kamata a yau mu duba gādonmu, mu ga ko yana nan yadda aka ba mu shi, ko kuwa wani ya musanya mana shi ba mu sani ba.

Duk wanda ya taɓa awon dawa a kasuwar Zuru ya san cewa mai hankali ba ya barin mai saye shi kaɗai ya zaɓi mudu. Mudu yakan yi kama da mudu, amma an bubbuge gindin wani. Kama da wane kuwa ba ta wane. Haka koyarwa take. Kowane mai wa'azi yana riƙe da Littafi, kowa yana kiran sunan Yesu. Mai bi da bai iya auna abin da ya ji da kansa ba, duk abin da aka auna masa shi zai kai gida.

1. YADDA MUDUN YA ZO HANNUNMU

A 1905 A. W. Banfield ya kafa aikin bishara a Tsonga, a ƙasar Nufe. Daga wannan aiki ne mishanerin UMS, wadda UMCA ta fito daga cikinta, suka yi ta matsowa arewa, har a shekarun 1920 suka iso Salka da Zuru. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya sha wahalarsa tare da abokan aikinsa.

Masu bi na farko a ƙasarmu manoma ne, harshensu na gida C'lela ne, yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba. Amma sun zauna da girmansu sun koyi a, ba, ca, don kawai su karanta Maganar Allah da idonsu. Ba su bar mana dukiya mai yawa ba. Sun bar mana Littafi, da iya karanta shi, da tsoron ƙara masa ko rage masa. Wannan shi ne mudunmu.

Manzo Bulus ya gargaɗi dattawan Afisa cewa bayan tafiyarsa masu ɓarna za su shigo cikin garke, waɗansu ma daga cikin ikilisiyar za su taso (Ayyukan Manzanni 20:29-30). Ubangiji kansa ya riga ya faɗa mana irin shigar da za su yi, wato abin da Bahaushe ke kira kura da fatar akuya (Matiyu 7:15). Saboda haka kada mu yi mamaki. Sai dai a da mai koyarwar ƙarya sai ya tako da ƙafarsa, dattawa su gan shi su yi masa tambayoyi. Yanzu kuwa yana shigowa ta talabijin da wayar hannu har cikin ɗakin kwananmu, ba sallama.

2. KOYARWA HUƊU A KAN MA'AUNI

(a) Cewa albarkar Allah ta sayarwa ce

Ana ce wa mutane su “shuka iri” na kuɗi kaza don su girbe ninki ɗari. Ana sayar da mai, da ruwa, da hankici, kowanne da farashinsa. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankunan Danko-Wasagu da Sakaba, mutanenmu da yawa suka bar gonakinsu, tsoro ya ƙaru, mai tsoro kuwa kome aka ce masa kariya ce zai saya.

Mu auna. Saminu mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus kuwa ya tsawata masa da zafi, ya ce ya tuba (Ayyukan Manzanni 8:18-22). Elisha ya ƙi karɓar ko anini daga hannun Na'aman bayan an warkar da shi. Gehazi baransa da ya bi baya ya karɓa, da kuturta ya ƙare (2 Sarakuna 5). Bitrus ya nuna cewa alamar malaman ƙarya ita ce haɗama, suna mai da masu bi abin ciniki (2 Bitrus 2:3).

Baiko da zakka suna cikin sujadarmu, da su aka gina wannan majami'a, da su ake riƙe masu bishara a ƙauyuka. Amma baiko godiya ce ga wanda ya riga ya ba mu kome kyauta. Ranar da aka sa masa farashi, aka ce gwauruwa ta sayar da akuyarta ɗaya tak don ta sayi buɗi, ranar an koma gidan boka. Kakanninmu sun san wannan ciniki: ka kawo kaza, a ba ka laya. In an sāke wa laya suna aka zuba ta a kwalba, tana nan laya.

(b) Cewa mai bi na gaske ba ya ciwo, ba ya talauci

Wannan koyarwa tana da daɗin ji, amma tana kashe mutane sau biyu. Tana hana mara lafiya zuwa asibiti, in ciwon ya ƙi tafiya kuma a ɗora masa laifin ƙarancin bangaskiya. A Afirka ta Kudu, a 2016, wani mai kiran kansa annabi ya riƙa fesa wa mabiyansa maganin ƙwari a fuska da sunan warkarwa, kotu kuwa ta same shi da laifi a 2018.

Mun gaskata Allah yana warkarwa, muna kuma yi wa marasa lafiya addu'a yadda Yakubu 5:14 ya koya mana. Amma Bulus da Allah ya yi mu'ujizai ta hannunsa ya roƙi Ubangiji sau uku a kan wata ƙaya a jikinsa, ba a cire ta ba, alheri aka ba shi ya jimre (2 Korantiyawa 12:7-9). Ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya (2 Timoti 4:20). Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Mishanerin da suka koya wa iyayenmu addu'a, su ne kuma suka gina asibiti a Tungan Magajiya, ba su ga saɓani tsakanin biyun ba.

Game da arziki kuwa, ƙasar da ta san golmo ba ta bukatar dogon bayani. Saurayi yakan yi shekaru yana noma a gonar surukansa kafin a ba shi mata. Mutanenmu sun san abu mai daraja da gumi da haƙuri ake samunsa. Bulus ma ya umarci Tasalonikawa kowa ya yi aiki ya ci abincinsa (2 Tasalonikawa 3:10-12). Wanda ya ce wa matasanmu su ajiye fartanya da littafin makaranta su kwana suna jiran mu'ujizar kuɗi, ba ƙaunarsu yake yi ba.

(c) Annabcin da ke nuna maye a cikin gida

Wannan ita ce ta fi yi wa iyali ɓarna. Mutum ya rasa aiki, ko matarsa ta yi ɓari, sai a ce masa an ga wahayi, uwarsa ce, ko kishiyar uwarsa, ko ƙaramin maraya da ke gidan. Tsohuwar da ta yi dakan hatsi ta biya masa kuɗin makaranta, sai ga shi ya daina cin abincinta, ya hana jikokinta zuwa wurinta.

Ba mu musun cewa Shaiɗan yana aiki. Amma a cikin Bisharu huɗu duka ba inda Yesu ya warkar da mutum sa'an nan ya nuna masa danginsa ya ce ga wanda ya kama ka. Da almajirai suka tambaya ko laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, Yesu bai ɗora wa mutumin ko iyayensa ba (Yahaya 9:1-3). Dokar girmama uwa da uba tana nan ba a soke ta ba, haka ma dokar da ta hana shaidar zur. Shari'a ta ce ba a tabbatar da zargi sai da shaidu biyu ko uku (Maimaitawar Shari'a 19:15). Mafarkin mutum ɗaya ba shaida ba ne. Irmiya ya yi fama da annabawa masu faɗar mafarkin zuciyarsu da sunan Ubangiji, ya kwatanta maganarsu da ƙaiƙayi a gefen tsaba (Irmiya 23:25-28).

(d) Sa wa dawowar Ubangiji rana, da ɗaukaka mutum a matsayin Kristi

Yesu zai dawo, wannan begenmu ne. Amma ya faɗa a fili cewa ranar da sa'ar a hannun Uba kaɗai suke (Matiyu 24:36). Duk da haka mabiyan William Miller a Amurka sun jira ranar 22 ga Oktoba 1844, gari ya waye ba abin da ya faru. Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, waɗansu suka kashe abin da suka tara wajen shelar ranar, ita ma ta wuce. A Legas, Immanuel Odumosu da ake kira Jesu Oyingbo ya ce shi ne Yesu, ya rasu a 1988 kamar kowane ɗan Adam. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Wani lokaci kuwa abin yakan kai ga rai. A Gayana, a Nuwamba 1978, mutum fiye da 900 suka mutu a sansanin Jim Jones. A Kanungu ta Yuganda, ranar 17 ga Maris 2000, ɗaruruwan mutane suka ƙone a cikin ɗakin sujadar wata ƙungiya da ta sa wa ƙarshen duniya rana. A dajin Shakahola na Kenya, daga 2023, an tono gawa fiye da 400 na mutanen da aka koya musu su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Waɗannan mutane ba mahaukata ba ne. Iyaye ne da 'ya'ya kamar mu, masu neman Allah. Sun miƙa mudunsu ga mutum ɗaya, har ya zama ba mai iya tambayarsa.

3. YADDA ZA MU AUNA

Mutanen Biriya sun saurari Bulus da marmari, amma kowace rana suna komawa ga Littattafai su ga ko haka abin yake, Luka kuwa ya yaba musu (Ayyukan Manzanni 17:11). In an auna manzo Bulus bai yi fushi ba, wane ne ya fi ƙarfin a auna shi? Ga tambayoyi biyar da kowane mai bi zai iya yi:

Na ɗaya, ina aka rubuta? A buɗe wurin, a karanta surar duka. Aya ɗaya da aka tsinko daga cikin 'yan'uwanta ana iya sa ta ta faɗi kome. Shaiɗan ma ya jawo Zabura sa'ad da ya gwada Yesu.

Na biyu, wa ake ɗaukakawa, Kristi da gicciyensa ko mai wa'azin?

Na uku, ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya, ko an ƙara masa wani sharaɗi da farashi?

Na huɗu, abin da ya yi annabcinsa ya cika? In ma ya cika, ina yake jan mutane? Musa ya ce ko alama ta tabbata, in tana kai mutum ga barin Ubangiji, kada a bi (Maimaitawar Shari'a 13:1-3).

Na biyar, yaya zamansa yake a gidansa, wa kuma yake iya tsawata masa? Mai koyarwa da ba ya ƙarƙashin dattawa ko majalisa, ba kuma wanda ya san lissafin kuɗinsa, a yi hankali da shi.

4. ABIN DA YA RAGE GARE MU

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutanenmu ba sa zuwa waɗannan wurare don ƙin gaskiya. Ciwo ne yake kai su, da rashin haihuwa, da rashin aiki, da tsoro. In ikilisiya ba ta ziyarci mara lafiya ba, wani zai ziyarce shi da kwalbar mai. Saboda haka muna ba da shawara kamar haka:

Iyaye, mu maido da sujadar iyali, a bar yara su riƙa karanta ayoyin da bakinsu.

Dattawa, ku lura da wanda ake ba bagade, komai girman sunansa. Ku ƙarfafa makarantar Lahadi da ajin baftisma, ku tallafa wa masu zuwa makarantar Littafi Mai Tsarki.

Zumuntar Mata, ku ne kuka fi kusa da gwauraye da masu neman haihuwa. Ku riga masu cin riba isa wurinsu.

Matasa, kafin ku tura wa wani wa'azin da ya shigo wayarku, ku auna shi tukuna.

Ɗan'uwan da aka ruɗe kuwa, kada mu yi masa dariya ko mu guje shi. A maido shi da tawali'u, yadda Galatiyawa 6:1 ta koya mana, gama ba wanda ya fi ƙarfin jaraba. Kada kuma mu mai da wannan jawabi sandar dukan waɗansu ɗariku. 'Yan'uwanmu na ikilisiyoyi dabam-dabam suna zaune tare da mu a yau, Ubangijinmu ɗaya ne. Awon daga kanmu zai fara, har wannan jawabi ma ku je gida ku auna shi.

KAMMALAWA

Da yawa daga cikin waɗanda suka aza harsashin wannan ikilisiya sun riga mu gidan gaskiya. Sa'ad da za a yi bikin shekara ɗari, yawancinmu ma ba ma nan. Yaran da suka yi mana waƙa yau su ne za su zauna a kujerun dattawa. Ginin da za mu bar musu zai tsufa, a sāke shi. Roƙonmu shi ne su tarar da Maganar Allah a hannunsu cikakkiya, sun iya karanta ta, suna kuma da ƙarfin halin tambayar kowane mai koyarwa inda aka rubuta abin da yake faɗa.

Allah ya tsare ikilisiyarsa a Dabai da ƙasar Zuru duka, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya mai da waɗanda suka bar gidajensu, ya kai kowa gida lafiya. Alherin Ubangijinmu Yesu Kristi ya kasance tare da mu duka. Amin.