Tambaya da Amsarta: Matsalar Auna Motsin Jiki a Ƙasar Hausa



Wataƙila wani ya ce, ina ruwan malamin Hausa da sha'anin likitoci? To, ruwansa shi ne, yawancin alƙaluman da ake kawowa game da yawan motsin jikin jama'a ba aunawa aka yi ba, tambaya aka yi. Tambaya kuwa da harshe ake yin ta.

A 1998 masana suka taru a Janiba suka soma tsara takardar tambayoyi mai suna IPAQ, domin a riƙa kwatanta ƙasa da ƙasa. A 2011 Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa na Jami'ar Maiduguri suka buga nazarin fassararta ta Hausa. Takardar tana bukatar mutum ya tuna kwanaki 7 da suka shige, ya faɗi kwana nawa da minti nawa ya yi yana aiki mai tsanani, da matsakaici, da tafiya a ƙasa. Sharaɗinta shi ne kada a lissafa abin da bai kai minti 10 a jere ba.

Mu ɗauki takardar nan mu shiga Gyaɗi-Gyaɗi. Idan ka ce da mai garuwa, “Kana motsa jiki?” sai ya ce a'a, alhali tun asuba yake tura kura. A kunnensa, motsa jiki aikin 'yan ƙwallo ne da masu gudu. Haka matar aure da ta wuni tana surfe da daka da wanki da jan ruwa za ta ce ba ta aikin komai, domin “aiki” a wurinta shi ne na albashi. Dattijon Tarauni da ke takawa masallaci sau 5 kullum, sharaɗin minti 10 ya share tafiyarsa duka, idan masallacin yana kusa. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta jingine wannan sharaɗi a ƙa'idojinta na 2020. Ga kuma matsalar minti: mutanenmu da yawa da hantsi da azahar da la'asar suke lissafi.

Amma kada a zaci kullum ragi ake samu. Ƙari ya fi yawa. Tun da aiki mai tsanani aka soma tambaya, mai amsa yakan zuba duk wahalarsa a nan, sa'an nan ya sake ƙidaya ta a tambaya ta biyu. Kuma ba mai son a ɗauke shi malalaci, balle a gaban baƙo mai riƙe da takarda. A 2011 masana a Jami'ar Hong Kong suka tattara nazarce-nazarce 23, suka tarar cewa, in an kwatanta da awo na zahiri, gajeriyar takardar tana ƙara yawan motsin da kimanin kashi 84 cikin 100.

A ganina, ma'aikacin da aka tura unguwa gara ya bar maganar minti, ya ce, “Baba, daga sallar asuba zuwa hantsi, jiya me aka yi?” Daga nan ya bi wunin salla bayan salla, ya yi lissafin mintocin da kansa.